Zafin janareta da na gidan burodi: za a iya ja wa unguwa ruwan ɗumi a Jos?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da wata shawara da nake so masu ilimin abin su duba mana, in shirme ce a faɗa min. A layinmu kaɗai akwai gidan burodi, akwai otal, akwai asibitin kuɗi, kowannensu da ƙaton janareta, zafi da hayaƙi na tashi sama a banza. A bayan katangarsu kuma mata na hura gawayi tun asuba don dafa ruwan wankan 'yan makaranta. Na ji a ƙasashen sanyi ba sa barin irin wannan zafin ya salwanta. Suna dafa ruwa da shi, su tura ta bututu a ƙarƙashin ƙasa zuwa gidaje, a ɗumama ɗaki, a yi wanka. Tunda duk Najeriya Jos aka sani da sanyi, me zai hana a gwada a nan? Ko daga Anguwan Rogo zuwa Bauchi Road ne a fara.

Ɗan Terminus:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, bari na sanyin ya zo famfo tukuna. Muna sayen kura wajen 'yan ga-ruwa kana mana zancen na zafi.

Maman Ilham:
Kai dai ba ka taɓa tashi ƙarfe huɗu a watan Janairu ka hura wuta ba, shi ya sa. Ku bar mutum ya yi tambayarsa.

Na Danmak:
Kawu, abin da ka ji gaskiya ne, ɗakin da nake zaune ma da shi ake ɗumama shi. Kusan kashi biyu cikin uku na gidajen Danmak a kan irin wannan layin suke, a Kofanhegan, babban birninsu, kuwa kusan kowane gida. Bututu biyu ne ke shigowa gini. Ɗaya ya kawo ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80, ɗaya ya mayar da shi bayan ya huce zuwa wajen 40, a sake dafawa. Ruwan da ke yawo a layin ba a sha, ba a wanka da shi. A ƙasan gini akwai na'ura mai jerin faranti na ƙarfe, ruwan layi na bi ta gefe guda, ruwan gida ta ɗaya gefen, ba sa haɗuwa, zafin ne kawai ke ratsa ƙarfen. Mitar ma zafin da ka ɗiba take ƙirgawa, ba yawan ruwa ba.

Zafin kuma daga tashoshin wutar lantarki yake zuwa, da wuraren ƙona shara, da masana'antu. A garin Odense, zafin da kwamfutocin cibiyar adana bayanai ta Facebook ke fitarwa, da shi ake ɗumama dubban gidaje. A Landan ma, a 2020 aka fara jawo zafin ramin jirgin ƙasa ana kai wa gidaje a unguwar Islington.

Amma ba da daɗi suka faɗaɗa shi ba. A 1973 da Larabawa suka tsuke fetur, kusan duk makamashin Danmak mai ne na waje, har hana tuƙa mota ranar Lahadi aka yi. Daga nan suka yi dokar samar da zafi a 1979, aka ɗora wa kowace ƙaramar hukuma ta tsara wace unguwa za a ja wa bututu, wace za a ba gas.

Baban Khalifa:
To kun ji. Ashe ba mafarki nake yi ba.

Injiniya:
Ba mafarki ba ne, amma abu biyu ka haɗa a wuri ɗaya, sai an raba su. Akwai ɗumama ɗaki, akwai ruwan zafi. Na farkon ba zai ci ba a Jos, na biyun akwai magana.

Dalili shi ne, su can suna kunna ɗumin gida wata bakwai ko takwas a shekara, dare da rana. Da wannan cinikin ake biyan kuɗin bututu, wanda shi ne mafi tsada a duk aikin. Mu kuwa tudunmu ya haura mita 1,200, shi ya sa muke jin sanyi, amma tsananinsa Disamba ne da Janairu zuwa farkon Fabrairu, sai ɗan na marka a Agusta. Ko a tsakiyar hunturu, da dare ne yake sauka wajen digiri 10, da hantsi ya yi kowa ya cire rigar sanyi. Bututun da zai yi aiki wata biyu ya yi zaman banza wata goma ba zai taɓa mayar da kuɗinsa ba. Ga gidajenmu ba a gina su don riƙe ɗumi ba: rufin kwano, wani ba silin, taga ba ta rufuwa. Duk zafin da ka zuba ciki waje zai bi.

Yanzu ga lissafin ruwan zafi. A kowace litar dizal akwai ƙarfin da ya kai kilowat-awa 10, wato yunit 10 na mitar wuta. Janareta mai kVA 100 da aka ɗora wa kaya kashi uku cikin huɗu yana shan wajen lita 17 a awa, wato kilowat-awa 170. Wajen 60 ne kawai ke zama wutar lantarki. Sauran duk zafi ne, wani ya bi salansa, wani lagireto ya watsar, wani jikin injin ya fitar. Mu ce mun iya kama 60 daga ciki. Bokiti mai lita 20, in za a ɗaga shi daga digiri 15 zuwa 45, yana cin kilowat-awa 0.7. Ka raba, bokiti sama da 80 ke nan a kowace awa, daga inji ɗaya, ba tare da an ƙara ɗigon mai ba.

Maman Ilham:
Bokiti 80 a awa? Inna lillahi. Mu kuma ana nan ana awon gawayi a leda.

Injiniya:
Haka ne Hajiya. In da hita za ki dafa bokitin nan, a kan farashin naira 225 da aka sa wa 'yan layin Band A a Afrilun 2024, kusan naira 160 ya ci.

Ɗan Terminus:
Lissafin takarda ba ya ƙi. Janaretan otal ɗin da kuke magana ƙarfe goma sha biyu yake mutuwa. Hajiya ƙarfe huɗu take son ruwanta. Wa zai tashe shi?

Injiniya:
Wannan tambayar ta fi ta farkon. Amsarta tanki ne. Ruwa yana riƙe zafi sosai in an lulluɓe mazubinsa da kyau, kamar dai fulas ɗin shayi. Tanki mai lita 5,000, janaretan nan zai kai shi digiri 75 cikin kamar awa shida. Da asuba a surka shi da na sanyi rabi da rabi, ya zama lita 10,000 na ruwan wanka, bokiti 500. Danmak ma suna da manyan tankunan ajiyar zafi a tashoshinsu saboda wannan matsalar, lokacin da zafi ke samuwa daban, lokacin da ake buƙatarsa daban.

Sai dai ba baƙin tankin roba da muke ɗorawa a saman gida ba, wannan laushi zai yi. Na ƙarfe ake so, a naɗe shi da audugar gilashi ko soso mai kauri. Kuma lita 5,000 tan biyar ce, ba a ɗora ta kan ginin da aka ga dama.

Oga Makanike:
Ranka ya daɗe Injiniya, bari mu da hannunmu ke cikin baƙin mai mu sa baki. Ɗibar zafi daga ruwan lagireto ba sabon abu ba ne, hitar da ke cikin mota ma da shi take aiki. Ruwan yana fitowa daga inji wajen digiri 80 zuwa 90. Amma in ka kwashe zafin fiye da ƙima inji zai riƙa aiki a sanyaye, ya sha mai, ya yi hayaƙi, ringi ya ci. In kuma tankinku ya cika da zafi ba ya karɓa, dole ruwan ya sami hanyar komawa lagireto, in ba haka ba gasket ya ƙone. Ranar da hakan ta faru mai injin ba Injiniya zai nema ba, ni zai kira.

Salansa ta fi haɗari. Hayaƙin yana fita da zafin da ya haura digiri 400, zafi mai kyau, amma in ka cusa mata bututu ka toshe numfashin inji, ƙarfinsa ya ragu. In kuma ka sanyaya hayaƙin da yawa sai ya yi gumi, gumin nan da sinadarin da ke cikin dizal ɗinmu sai ya zama asid, ya cinye ƙarfe. Na ga an yi wa wani a wurin wankin mota, ba a daɗe ba salansar ta zama rariya.

Sannan don Allah kada wani ya karanta wannan ya je wajen mai walda ya toshe tanki ruf ya haɗa da salansa. Ruwa in ya tafasa a rufe ba shi da mafita, bam ne. Ko dai a bar wa tankin bututun shan iska a sama, ko a sa masa bawul mai sakin tururi.

Injiniya:
Duk abin da Oga ya faɗa haka yake. Shi ya sa ake barin hayaƙin ya fita da sauran zafinsa, kada a sauke shi ƙasa da wajen digiri 150, kuma a sa hanyar kauce wa na'urar ɗibar zafin in tanki ya ƙoshi.

Anti Nas:
Ni ta ɓangarena biyu ne. Na farko ina goyon bayan duk abin da zai rage shigar da kaskon gawayi ɗaki. Duk hunturu sai an ji labarin waɗanda suka rufe ƙofa da taga suka kwanta da garwashi ko janareta a kusa, aka wayi gari ba su tashi ba. Iskar da ke kashe su ba ta da wari ba ta da launi, mutum ciwon kai yake ji da kasala, ya ɗauka barci ne. Ga yaran da ke faɗawa tukunyar ruwan zafi a tsakar gida, ƙunar da muke wankewa ba kyan gani.

Na biyu gargaɗi ne. Ruwan da ya kwana da ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45, akwai ƙwayar cutar da ke son sa, mai kawo ciwon huhu in mutum ya shaƙi feshinsa wajen wanka. A ajiye shi a digiri 60 ko sama, a surka a bakin famfo. Kuma ruwan lagireto kada ya kuskura ya haɗu da na wanka, abin da ake zuba masa guba ne.

Mai Kaji na Bukuru:
Kuna ta zancen wanka kun manta da mu. Ɗan tsako a satinsa na farko yana son ɗumin digiri 32 zuwa 35, dare da rana, ko da rani ne a Jos sai an hura musu wuta da dare. Da gawayi muke yi a tukwane. Wuta ta yi yawa su galabaita, ta mutu su taru a lungu su danne juna, da safe ka kwashe gawa. In da za a shimfiɗa bututun ruwan ɗumi a ɗakin raino, ni zan biya, don kuɗin gawayin da nake kashewa a kowane zubi ba wasa ba ne.

Ɗan Terminus:
Sai a ja bututu daga Bauchi Road har Bukuru saboda 'yan tsakinka?

Mai Kaji na Bukuru:
Wa ya ce? Akwai injin niƙan abincin kaji a maƙwabtana, ka tsaya a ƙofata kana jin ƙugin janaretansa.

Injiniya:
Mai Kaji ya taɓo inda maganar take. Zafi ba ya son tafiya. Wuta kana iya kai ta Maiduguri a waya, ruwan zafi kuwa kowace mita da ya yi yana zubar da wani abu. Bututun da Turawa ke binnewa ƙarfe ne a ciki, soso mai tauri a tsakiya, roba a waje, kuma duk da haka suna asarar wani kaso a hanya. Daga waje za mu sayo shi, da dala. Ga ƙasar Jos, ka haƙa gwiwa ɗaya ka ci karo da dutse. Ga tsallaka titi sai da izinin hukumar raya birni. In ka bar shi a sama kuma 'yan jari-bola sun samu.

Don haka ni abin da nake gani zai yiwu shi ne gajeren layi, mita 50 zuwa 200, daga mai zafi ɗaya zuwa babban mai buƙata ɗaya ko biyu da ke jikin katangarsa: gidan wanka, wurin alwalar masallaci, makarantar kwana, ɗakin haihuwa da wankin asibiti, gidan kaji. Koren bututun ruwan zafi da 'yan famfo ke liƙawa da wuta ya isa wannan, a naɗe shi. Ba a shiga gida-gida. Mai so ya zo da bokitinsa bakin famfo.

Na Danmak:
Su ma haka suka faro. Na farko a Danmak a Frederiksberg aka yi, a 1903. Wurin zubar da shara ya ƙare musu, suka gina wurin ƙona ta, tururin suka kai wa asibiti da wasu gine-ginen hukuma da ke kusa. Shiga gidajen jama'a daga baya ne.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Yara, ku da kuke kallon Turai, a nan ma an taɓa yin irin wannan tsarin, da wuta dai ba da zafi ba. NESCO, kamfanin lantarkin nan, tun 1929 take, ta kafa injinanta a Kurra Falls tana ba da lantarki daga ruwa. Ba don gidajenmu aka yi ta ba, don kamfanonin haƙar kuza aka yi, su ne manyan masu saye da suka riƙe ta. Garuruwan da layin ya ratsa suka ci albarkaci. Duk abin da za ku yi, ku fara nemo wanda zai saya kullum ya biya a kan lokaci. Talaka mai bokiti ɗaya ba zai riƙe muku jari ba, sai dai ya amfana in abin ya tsaya da ƙafarsa.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara girma Baba. To amma ni gidaje nake tausayi. In aka ce sai asibiti da gidan wanka, matan da na fara magana a kansu fa?

Maman Ilham:
Baban Khalifa, mu ba mu ce a kawo mana har banɗaki ba. In akwai famfon ruwan zafi a bakin layi daga ƙarfe biyar zuwa bakwai, yara za su ɗebo. Ai yanzu ma ɗebowa suke yi. Abin da zan roƙa, kada ya zama mai salɓe fata, yaro ne zai ɗauka a ka. Kuma a sa wa mata lokacinsu ko nasu famfon, ba za mu je muna turereniya da 'yan acaɓa a ƙofar gidan wanka ba.

Ɗan Abuja:
Mu nan Abuja kuna ba mu dariya. Ga janareta a kowane gini a Wuse da Garki, amma wa zai sayi zafi? Mu da za a sayar mana da sanyi.

Injiniya:
Ana yi. Ka tuna firjin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin ƙauye? Wuta ake kunna masa a ƙasa ya ba da ƙanƙara. Akwai manyansa da ke karɓar ruwan zafi mai digiri 80 zuwa 95 su ba da ruwan sanyi na esi. Duk zafi 10 da ka ba shi yana ba ka sanyi wajen 7. Ga otal ko asibiti ko babban kanti a Abuja da injinsa ke aiki yini guda, wannan ya fi ma'ana nesa ba kusa ba, don buƙatar sanyi ba ta yankewa. A nan Filato ma ɗakin ajiyar dankalin Bokkos da Mangu ko kayan gwarin Farin Gada zai so irinsa, sai dai injin da tsada, kuma masu gyaransa ba su da yawa.

Alhaji Mai Burodi:
Wanda ya je Madina ya ga irin wannan ai. Sanyin da ke fitowa ta gindin ginshiƙan Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a nan ake yin sa ba. Tashar tana wajen kilomita 7 daga masallacin, ta rami ake turo ruwan sanyin.

Injiniya:
Gaskiya ne Alhaji, sai dai su da lantarki suke sanyaya ruwan, ba da ragowar zafi ba. Amma tsarin rabawar iri ɗaya ne.

Alhaji Mai Burodi:
To tunda na shigo, bari in yi magana a matsayin wanda ake son a taɓa wa inji. Kun yi lissafin janareta kamar kullum yake aiki. Ni ranar da aka kawo wuta kashe shi nake yi, ina murna. Satin da wuta ta zauna ba ruwan zafi ke nan, mutane su taru a ƙofata suna zagina. Ko kuna so in ƙona dizal don kawai a yi wanka? Kuma kowa yanzu sola yake hari. Mai otal ɗin da kuke magana, in ya sa sola baɗi ya sayar da injin, bututunku ya zama na shanya.

Abin da ba ya mutuwa a wurina shi ne tanderu. A kawo wuta ko a ɗauke, sai an hura shi, itace yake ci. Aikin dare muke yi don burodi ya fita da asuba. Bututun hayaƙinsa ba ka iya kai hannu kusa. In akwai zafin banza a gidana, can yake.

Injiniya:
Alhaji, wannan ya fi janareta dacewa ta fuska biyu: kullum ne, kuma lokacinsa ya yi daidai da lokacin da ake son ruwan, tanki ma ba sai ƙato ba. Matsalar da ka kawo ta mai zafi ya tashi ya bar mutane, ita ce babbar fargabar masu wannan harkar a ko'ina. Masana'anta na iya rufewa ko ta canja inji. Shi ya sa ba a dogara da tushe ɗaya, ana ajiye tukunyar ko-ta-kwana.

Abin lura a tanderu, zafin hayaƙi shi ke sa ya ja iska. In aka sanyaya shi da yawa wuta ba za ta ci da kyau ba, kuma baƙin kwalta zai taru a ciki. Gara a naɗa bututun ruwa a bayansa ko a yi masa riga ta ruwa, a ɗebi kaɗan. In tanki yana sama da shi ma ba a buƙatar famfon tura ruwa, mai zafi da kansa yake hawa, mai sanyi ya sauko.

Alhaji Mai Burodi:
Sharaɗina ke nan. Ranar da burodina ya fito fari ko ya ƙone a gefe, a ranar zan sa a cire.

Ɗan Terminus:
Ni har yanzu ban ga abin da ya fi hitar rana ba. Ka sa a saman kwanonka, ba ruwanka da Alhaji, ba ruwanka da kwamiti. Rana kyauta ce, hunturu ma akwai ta.

Malama Asabe ta Islamiyya:
Ga mai gidan kansa da kuɗin saye, haka ne. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, wa zai sa, a kan kwanon wa? Kuma tana son ruwa ya hau sama, wanda sai da tanki da injin tura shi. Ga ƙurar hunturu, in ba a goge gilashin ba aikin banza ne.

Injiniya:
Ba kishiyoyi ba ne. Hitar rana tana iya zama ita ce ko-ta-kwanar, ta zuba a tanki ɗaya da na tanderu. Amma maganar Ɗan Terminus ta farko tana nan daram: ruwan da za a dafa daga ina? In wurin ba shi da rijiyar burtsatse mai ƙarfi, a bar zancen. Kuma in ruwan mai laka ne ko mai barin farin ɓawo a buta, zai toshe bututu, sai an riƙa wankewa.

Baban Khalifa:
Alhaji na da burtsatse, kuma gidan wankan da ke bayansa katanga ɗaya ta raba su. Masallacin layi ma bai fi taku hamsin ba.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
To saura abin da ke kashe irin waɗannan ayyukan, kuɗi da riƙo. Na wa ne? In na Alhaji ne, kasuwancinsa ne, ya sa farashin da ya ga dama, ba mai cewa don me. In na unguwa ne, wa ke riƙe da makulli, wa ke karɓar kuɗi, wa zai sayi bawul in ya lalace? Burtsatse nawa aka yi mana a garin nan aka yi bikin buɗewa, famfo ya lalace aka rasa mai fitar da kuɗin gyara?

Na Danmak:
Baba, a Danmak da yawa daga ƙananan kamfanonin nan na masu amfani da su ne, ƙungiyar gama-kai, manyan kuma na ƙananan hukumomi. Doka ta ce kuɗin da za a karɓa kada ya wuce abin da aka kashe. In an samu rara, a rage farashin baɗi. Dalilinsu shi ne wanda aka ja wa bututu ba shi da wani wurin saye, in aka bar mai layi ya sa son ransa zai matse shi.

Ɗan Terminus:
Can akwai mai duba littafi. Nan ma'aji zai ce ɓera ya ci rasit.

Alhaji Mai Burodi:
Ni ba na son kwamiti a cikin gidana, gaskiya. Ga abin da zan iya. Zafin na bayar, ban sa masa kuɗi ba, Allah ya ba mu lada. Ruwan burtsatse kuwa da wuta nake jawo shi, wannan za a biya. Mai gidan wanka ya sayi tanki da bututu, tankin ya zauna ta wajensa, shi ya sayar, shi ya gyara, tunda dama sana'arsa ce kuma yanzu itace yake saye yana dafawa. Sharaɗi a rubuce gaban mai unguwa da liman: na masallaci kyauta ne, kuma a fitar da famfo ɗaya waje na mata. In wani ya ƙone, ba ni ba ne.

Oga Makanike:
Wannan tsarin zai yi rai, don akwai wanda zai yi asara in ya mutu. Amma bututun da zai taɓa hayaƙi kada a sa baƙin ƙarfe, a nemi wanda ba ya tsatsa.

Injiniya:
Kafin a sayi ko ƙusa, a auna. Ina da ma'aunin zafi na nesa. Ina so in ga zafin bututun hayaƙin a farkon hura wuta, da tsakiyar gashi, da bayan an sauke, in san awa nawa yake ci a dare. Mai gidan wanka kuma ya faɗa mana bokiti nawa yake sayarwa a hunturu da kuma watan Afrilu, da kuɗin itacen da yake kashewa. In cinikin rani bai kai rabin na hunturu ba, tankin lita 2,000 ma ya isa a fara. Ba zan yi alkawarin bokiti 80 a awa daga tanderu ba, wancan lissafin janareta ne.

Alhaji Mai Burodi:
Ka zo daren Asabar bayan isha'i, lokacin ake hura wuta. Ka taho da rigar sanyi, sai ƙarfe uku ake sauke zubin farko.

Maman Ilham:
A rubuta farashin bokitin mata a takardar nan tun yanzu, Alhaji. In aka bar wa mai gidan wanka, ranar da sanyi ya tsananta ranar zai ƙara.

Malama Asabe ta Islamiyya:
Kuma a faɗi girman bokitin. Na fenti ne ko na ƙarfe?

Baban Khalifa:
Zan yi wa mai gidan wankan magana bayan la'asar, ba ya cikin zauren nan. Wanda ke da lambar mai walda da ya iya aikin ƙarfen da Oga ya ce, ya turo min ta gefe.